Furen barci: me ya haɗa papaver na Rumawa da aguona ta Lituwaniya?

Zainab (Kaunas): Assalamu alaikum 'yan zaure. Na kwana biyu ban leƙo ba, shirin jarrabawa ne ya sha mini kai. Wata tambaya ce ke cina tun daren jiya. A nan Kaunas ta ƙasar Lituwaniya mai karatun likita sai ya yi darasin Latin a shekarar farko, saboda sunayen gaɓoɓi da na magunguna. A ciki na koyi cewa shukar da ake tatsar opium, ƙaron nan mai kashe zafin ciwo da sa maye, daga jikinta sunanta Papaver somniferum, wato papaver mai kawo barci. To jiya 24 ga Disamba tsohuwar da nake haya a gidanta ta kira ni cin abincin jajiberin Kirsimeti, wanda suke kira Kūčios. Kala 12 aka jera, babu nama ko tsoka ɗaya. Cikinsu akwai wani farin ruwa kamar kunun gyaɗa tsararo, an zuba wasu 'yan mitsi-mitsin cincin a ciki. Na tambaya, ta ce aguonų pienas ne, madarar aguona. Na ce mece ce kuma aguona? Jikarta ta buɗe waya ta nuna mini hoto. Wallahi sai ga furen nan na cikin littafinmu! Abin da nake so in sani: tunda kullum ana cewa harshen mutanen nan ɗan'uwan Latin ne, me ya sa can papaver, nan aguona, alhali shi opium ɗin opijus suke ce masa, kusan bakinsu ɗaya?

Nura Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam likitar gobe. Ba wannan ce tambayar ba. Kin sha ko ba ki sha ba? Kuma ƙarfe nawa kika tashi yau? 😂

Zainab (Kaunas): Nura ka fita idona. Cokali biyu na yi don kada tsohuwa ta ji kunya. Kuma da asuba na tashi lafiya lau.

Bashir Famasi: Kada hankalinki ya tashi ƙanwata. Daga irin ake yin wannan madarar, ana jiƙa shi a niƙa a tace a sa zuma ko sukari. Maganin ba a cikin irin yake ba, yana cikin farin ƙaron da ke fitowa idan an tsaga ƙoƙon furen tun yana ɗanye. Abin da ke manne a jikin irin ɗan kaɗan ne. Amma akwai wata magana a kan irin da zan dawo kanta, bari masu harshe su fara.

Baba Audu Zariya: 'Yata, kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Mu ne 'yan baya-bayan da suka tarar ana koyar da Latin a sakandare, kuma har yau ban yar da ɗan abin da na tsinta ba. Ni a ganina harshen nan nasu ɗiyan Latin ne, kamar Faransanci da Italiyanci. Duba mana: wuta a Latin ignis, su ugnis. Namiji vir, su vyras. Dare nox, su naktis. Tunkiya ovis, su avis. Haƙori dens, su dantis. Ubangiji deus, su dievas. Wannan ai ya wuce a ce katari ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ita aguona wataƙila kalmar ƙauye ce da ta tsira, shi ke nan.

Malama Hadiza (mai kula da zaure): Baba, Allah ya ƙara girma. Misalanka duk daidai ne, amma hukuncin da ka yanke a kansu zan ɗan ja da shi, a yi mini afuwa. Kuma ba kai ne farkon wanda ya faɗi haka ba, su kansu sun riga ka. A ƙarni na 16 manyan Lituwaniya sun yi ta yaɗa labarin cewa kakansu wani basaraken Rum ne mai suna Palemon da ya yi hijira ta teku ya sauka a ƙasarsu. Wani marubucinsu da ake kira Michalo Lituanus, a wajajen 1550, ya jera kalmomi fiye da 70 irin waɗannan naka don ya nuna su jinin Rumawa ne. Irin tamu ce ta Bayajida da Bagadaza, kowa na son asali mai nisa.

Abin da masana harshe suka tabbatar daga baya shi ne ba uwa da 'ya ba ne, 'yan'uwa ne da suka haɗa kaka. Latin, Girkanci, Sanskrit na Indiya, Farisanci, Jamusanci, Rashanci, da harshen Lituwaniya duk daga tushe guda suka rabu dubban shekaru da suka wuce. Lituwaniya tana reshen da ake kira Baltik, ita da Latbiya. Rumawa ba su taɓa mulkin ƙasar ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne harshen ya riƙe tsofaffin siffofi da sauran suka zubar, sai ka ji shi kamar daga bakin kakanni.

Saboda haka Zainab, kalmomin da kika kawo ba ajinsu ɗaya ba. Opijus aro ce, ta shigo ta hannun likitoci da masu kantin magani. Ugnis da ignis gado ne. Aguona kuma wani labarin ne daban.

Baba Audu Zariya: To Malama, yaya za a yi in bambance aro da gado? Ni dai kama nake gani.

Malama Hadiza: Ka ɗauki Hausa da Larabci. Littafi, alƙalami, alƙali, duk aro ne, kana jin Larabcin a jikinsu ɓaro-ɓaro, wasu har da al ɗinsu suka taho. Amma mutu da māta, ko suna da ism, ba aro ba ne, gadon kaka ɗaya ne na can nesa, shi ya sa kamar ta dushe sai an tona. Ita kalmar aro sabuwar riga ce, guga bai karye ba. Ta gado kuwa ta sha wanki.

Ga misali daga cikin sunan da Zainab ta kawo. Somniferum haɗi ne na somnus, barci, da ferre, ɗaukowa. Zainab, yaya ake cewa mafarki a wurinku?

Zainab (Kaunas): Sapnas. Barci kuma miegas.

Malama Hadiza: Madalla. Sapnas da somnus kalma ɗaya ce a asali. A Sanskrit svapna, a Girkanci hypnos. Su Rumawa p ɗin ce ta narke ta zama m saboda n da ke bin ta, amma ta tsira a wata kalmarsu, sopor, barci mai nauyi. Lituwaniya ta bar p ɗinta yadda take. Da a ce daga Latin suka samo, daga ina za su dawo da p ɗin da Latin ta riga ta yar? Wannan ita ce hujjar, Baba.

Baba Audu Zariya: Kai! Wannan ta shige ni. Sopor kam na san ta. Na sallama rabi, ina riƙe da rabi.

Malam Sani Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Ina biye da ku. Kuna ta Latin da Lituwaniya kun bar mai abu. Sunan wannan abu afyun, kuma Larabci ne. Likitocin Musulmi ne suka yi bayaninsa, Ibn Sina ya yi masa magana mai tsawo a cikin Ƙanun, ya faɗi amfaninsa ga ciwo da tari da gudawa, ya kuma yi gargaɗin yana kisa. Turawa sun fassara littafin zuwa Latin suna karantawa a makarantunsu ɗaruruwan shekaru. Kamar yadda suka ɗauki alkuhul da sharab da sukkar, haka suka ɗauki afyun suka lanƙwasa shi ya koma opium.

Baba Audu Zariya: Allah ya gafarta Malam, a nan kam ba zan yi shiru ba. Ibn Sina ya rasu 1037. Pliny Babba, marubucin Rumawa, ya mutu a shekara ta 79, lokacin da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, kuma kalmar opium tana cikin littafinsa na tarihin halittu, kashi na 20. Ya bayyana yadda ake tsaga ƙoƙon a bar ruwan ya daskare. Har ya ba da labarin mahaifin wani babban ma'aikacin Rum da ciwo ya ishe shi a Sifen ya kashe kansa da shi. Kusan shekara dubu ke nan kafin Ibn Sina. Jika ba ya raɗa wa kaka suna.

Malam Sani Damagaram: To Rumawan daga ina suka samo? Larabawa ai suna nan tun kafin Pliny.

Malama Hadiza: Daga Girkawa, Malam. Kuma abin da ke yanke gardamar shi ne a Girkanci kalmar tana da ma'ana da dangi, a Larabci kuwa ita kaɗai ce tsaye ba uwa ba uba. Opos a Girkanci shi ne ruwan jikin tsiro, irin wanda ke fita in ka karya tumfafiya. Opion kuma ƙanƙantarwa ce, ɗan ruwan tsiro. Rumawa suka ce opium. Ta gabas kuma kalmar ta zama afyun, tunda Larabci ba shi da p. Maganarka a kan sharab da sukkar gaskiya ce, ta hannun Larabawa suka isa Turai. Wannan ɗayar dai ta bi hanyar a juye. Lokacin da aka yi ta fassara littattafan likitocin Girkawa Galen da Dioscorides a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, sunayen magunguna na Girkanci da yawa sun zauna daram a Larabci.

Inda Larabci da Farisanci suka yi aiki shi ne kai kalmar gaba. Indiya afim, Turkiyya afyon, Sawahili afyuni, har Sin, inda tsofaffin littattafan magani suka rubuta afurong. A Turkiyya gari guda ne ma ke ɗauke da sunan, Afyonkarahisar.

Malam Sani Damagaram: Na karɓa, ilimi kogi ne. Amma shi furen kansa khashkhash muke ce masa a Larabci. Misirawa kuma suna ce wa furen abun naum, uban barci. Kun ga sun haɗu da mai somniferum ba tare da sun yi shawara ba.

Nura Ɗan Fagge: Uban barci 😂 wallahi akwai wani a layinmu da ya kamata a sa masa wannan sunan, ba ya tashi sai azahar.

Malama Hadiza: Nura a bar mu mu yi karatu. Zainab, ga tsarabarki. Wannan opos ɗin na Girkanci yana da ɗan'uwa na jini a harshen masu masaukinki. Tambayi tsohuwar yadda suke kiran ƙaron da ke tsatsowa daga itacen fir ko makamancinsa.

Zainab (Kaunas): Na leƙa kicin na tambaye ta. Ta ce sakai. Tana ta mamakin me ya haɗa ni da ƙaro da sassafe.

Malama Hadiza: Shi ne. Sakai a Lituwaniya, sok a Rashanci da Folanci, ma'ana ruwan 'ya'yan itace, opos a Girkanci. Girkawa suna da ɗabi'ar zubar da s ta farkon kalma, kamar yadda kika gani a hypnos da sapnas, kuma k mai lanƙwasar leɓe takan zama p a bakinsu. Ke nan idan mutumin Kaunas ya ce opijus, ɗan gidansu ne ya tafi yawon duniya ya bi ta Atina da Rum ya dawo da kwat da wando, bai gane shi ba.

Zainab (Kaunas): Wannan sai na kai wa malamar Latin ɗinmu. To saura aguona, Malama, ita ce ta kawo ni.

Malama Hadiza: Aguona ta yi ɓatan kai ne, a zahiri, don harafin farko ta yar. A Latbiya ana cewa magone. Sa m a gaban aguona ki ji. Daga nan sai dangi su fito: Girkanci mekon, Rashanci da Folanci mak, tsohon Jamusanci mago, na yanzu Mohn, tsohon harshen Prusiya da ya mutu moke. Masana da dama suna ganin mutanen Baltik daga Jamusawa suka karɓa. Irin kalmar nan ce mai bin shuka duk inda aka kai iri, kamar yadda taba ta zagaye duniya da sunanta. Abin lura, Latin ce bare a nan. Maƙwabta duka suna mak, mekon, magone, ita kaɗai ta tsaya a papaver. Daga papaver ɗin Faransanci ya sami pavot, Italiyanci papavero.

Anti Ladi Ungozoma: Tsaya tsaya Malama. Mekon kika ce? Shekarata 26 ina karɓar haihuwa, kullum muna rubuta meconium a kati, wato baƙin kashin nan mai danƙo da jariri ke fara yi. In muka gan shi a ruwan faya tun kafin yaro ya fito hankalinmu tashi yake, don alama ce yaro ya wahala a ciki. Kada ki ce mini da furen ƙwaya yake da dangantaka.

Baba Audu Zariya: Da shi fa, Ladi. Shi Pliny ɗin nan ya raba biyu. Wanda aka tsaga ƙoƙo aka tara shi ne opium. Wanda aka dafa kawunan da ganyen aka tace shi ne meconium, ya ce kuma bai kai opium ƙarfi ba ko kusa. Abu ne baƙi mai kauri. Tsofaffin likitocin Girka suka dubi kashin jariri suka ga kamarsu ɗaya, suka ba shi sunan.

Anti Ladi Ungozoma: Ikon Allah. Gobe a ɗakin haihuwa sai na ba yaran nan 'yan koyo labari.

Zainab (Kaunas): Anti, tunda kin kawo jarirai. Tsohuwar nan ta ce mini a ƙauyensu tana yarinya, in za a fita aikin gona yaro ya ƙi barci, wasu matan sukan ba shi ruwan kan aguona. Ta ce kakarta takan yi faɗa, wai yana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Yanzu doka ta hana shuka irin wannan aguonar a ƙasar gaba ɗaya, irin da suke girki da shi daga waje ake kawowa.

Anti Ladi Ungozoma: Kakar tana da gaskiya, kuma abin ya fi dakushewa, numfashi yake tsayarwa. Ba su kaɗai ba ne. A Amurka da Ingila a ƙarni na 19 kwalba-kwalba ake sayar da maganin lallashin jarirai mai morfin a ciki, yara da yawa ba su farka ba. Mu ma nan na sha kama uwa tana ɗura wa jariri maganin mura don ya bar ta ta runtsa.

Bashir Famasi: To bari in shigo da nawa, don kusan duk kwalbar da ke cikin akwatin da muke kullewa tana da labari a sunanta.

Morfin: wani matashin mai harhaɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, shi ya fara ware shi daga opium wajajen 1804. Ya sa masa morphium, daga Morpheus, abin bautar mafarki a tatsuniyoyin Rumawa da Girkawa. Kodin, wanda ya addabe mu: Bafaranshe Pierre Robiquet ya ware shi a 1832, sunan daga kodeia, kan furen a Girkanci. Wato duk yaron da ya ce a ba shi kodin, cewa yake a ba shi ƙoƙon uban barci, bai sani ba. Papaverine, 1848, Georg Merck, wannan kai tsaye daga papaver. Thebaine kuma daga Thebes ta Masar, wajen Luxor ta yau, don a da opium ɗin can ne ya yi suna, likitoci suna rubuta opium thebaicum.

Wanda ya fi ba ni haushi heroin. Wani Bature a Landan, Alder Wright, ya fara haɗa shi a 1874, ba a kula ba. A 1898 kamfanin Bayer ya fito da shi kasuwa a matsayin maganin tari, da suna daga heroisch, wato na jarumta. Duba bambancin. Linnaeus, masanin tsirran da ya raɗa wa shukar suna a 1753 ya ce mai kawo barci. Sertürner ya ce mafarki. Narkotik ma daga narke ne, sandarewar jiki. Duk waɗannan sun faɗi abin da abin ke yi. Da 'yan kasuwa suka karɓi raɗin suna sai aka koma kirari.

Baba Audu Zariya: Kirarin ya girmi Bayer, Bashir. Laudanum fa? Paracelsus ne ya fito da sunan a ƙarni na 16, daga baya Thomas Sydenham na Ingila ya sa shi a kan opium da aka jiƙa a giya. Da yawa suna danganta shi da laudare, yabo. Abin yabo ke nan. Mu da muka yi Latin mun san laus, laudis.

Malama Hadiza: Wasu kuma suna cewa daga ladanum ne, wani ƙaro mai ƙamshi. Ba a gama wannan shari'ar ba, Baba.

Zainab (Kaunas): Yaya Bashir, duk waɗannan da ka lissafa suna nan a bakin mutanen nan, wutsiya kawai suke ƙara musu. Morfinas, kodeinas, heroinas, metadonas, tramadolis, fentanilis. Baƙon suna namiji a harshensu yawanci ba ya tsayawa haka nan sai da as ko is ko us, in ba haka ba ba za a iya juya shi a jimla ba. Ko Landan Londonas ce. A darasin rubuta takardar magani kuma sai mu koma Latin tsantsa: Rp., wato recipe, karɓi, sannan sunan maganin a siffar mallaka, Morphini, Codeini, Tinctura Opii. Ranar farko na rubuta opiumi, malama ta zagaye shi da jan biro har sau biyu.

Nura Ɗan Fagge: Ashe ni Nuras ne a can. Bashiras Famasis. Wannan ai irin tamu ce, bokiti, asibiti, tebur ya zama teburi. Mu wasali muke liƙawa su kuma s.

Malam Sani Damagaram: Akwai wata kalma da nake so a duba mini, tiryaƙ. A littattafanmu ita ce makarin dafi, har mawaƙa na cewa ganin masoyi tiryaƙi ne. Amma wani ɗan Iran da muka zauna da shi a Makka ya ce a wurinsu taryak shi ne afyun kansa, taryaki kuma wanda ya kamu da shi. Yaya makari ya zama dafi?

Malama Hadiza: Ita ma Girkanci ce, Malam, ka yi haƙuri 😊 Theriake, maganin cizon therion, naman daji mai dafi. Rumawa suka ce theriaca. Andromachus, likitan sarki Nero, ya haɗa wani mai kayan haɗi fiye da 60, har da naman kububuwa, da opium mai yawa. Galen ya riƙa haɗa wa sarki Marcus Aurelius yana sha kullum. To a cikin tarkacen nan sittin da wani abu, wanne ne mai sha zai ji aikinsa a jikinsa nan take? Shi ya sa a Farisa sunan haɗin ya koma kan wannan guda ɗayan. A Turkanci tiryaki yanzu duk wanda abu ya zame wa jaraba ne, ko shayi ko sigari. Zainab, naman daji a wurinku?

Zainab (Kaunas): Žvėris. Ana furta farkon kamar j mai laushi.

Malama Hadiza: Ɗan'uwan ther na Girkanci ne, da ferus na Latin, da zver na Rashanci. Gado kuma, ba aro ba.

Baba Audu Zariya: Ferus! To na saki ɗaya rabin ma. Ba wanda zai ari ferus ya mayar da shi žvėris.

Bashir Famasi: Ni abin da duk wannan ya tayar mini shi ne halin da muke ciki. Mu ba mu da sunan wannan dangin magunguna a Hausa. Komai ƙwaya ne. Tiramol ƙwaya, roci ƙwaya, farasitamol ma ƙwaya. Kodin kuwa ruwa ne, don haka iyaye da yawa ba su ma sa shi a lissafi ba, maganin tari ne kawai, har sai da BBC ta fitar da binciken nan a 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A labarai kuma ana ce wa hodar iblis ga koken, a ce wa heroin ma hodar iblis, alhali ɗaya tayar da mutum take ɗaya kwantar da shi, kuma maganin da ake ceton wanda ya zarce da heroin ba ya aiki a kan koken. A asibiti wannan bambancin rai ne. Su Turawa har sun raba opiate, wanda aka ciro daga shukar, da opioid, duk mai aiki irin nasa ko da a ɗakin gwaji aka ƙera shi. Tiramol ba shi da ɗigon ruwan fure a cikinsa, kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, amma ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa a ƙwaƙwalwa.

Zainab (Kaunas): Nan ma opiatai da opioidai suke cewa. Amma suna da tasu ta gida ga kayan maye baki ɗaya, kvaišalai, daga kvaišas, wawa ko wanda kansa ya juye. Akwai kuma svaigalai, daga svaigti, jin jiri, an fi faɗinta a kan giya. Mutanen nan ba sa wasa da harshensu. Daga 1864 zuwa 1904 sarkin Rasha ya hana buga littafinsu da haruffan Latin, sai da aka riƙa fasa-ƙwaurin littattafai daga Prusiya. Har yau akwai hukumar gwamnati mai kula da kalmomi. Sai dai gaskiya, a asibiti da bakin titi narkotikai na fi ji. Kvaišalai sai a jarida.

Bashir Famasi: Ko a jaridar ce ai an samu. Kalmar tana gaya wa yaro abin da zai zama. Mu me zai hana mu ce dangin afyun, tunda Malam ya ce kalmar na cikin littattafan da malamanmu suka karanta?

Malam Sani Damagaram: Ina goyon baya. Gajeriya ce, kuma ta zauna a baki.

Nura Ɗan Fagge: Ku yi haƙuri manya, yanzu ba wasa nake ba. Wa zai gane afyun a Fagge? Sai kun yi shekara kuna bayani. Kuma ba rashin suna ne ya sa abokaina suka faɗa ba. Zaƙami sunansa na Hausa ne, har haukata-yaro ake ce masa, me ya fi wannan gargaɗi? An fasa sha? Wanda na sani ya fara tiramol ne don yana tura baro daga safe zuwa dare, jikinsa na ciwo. Ko me kuka kira shi zai saya.

Anti Ladi Ungozoma: Nura ya faɗi gaskiya, amma Bashir ma bai yi ƙarya ba. Ni ba don mai sha nake son sunan ba, don uwa. In na ce wa mai jego kada ta sha kodin tana shayarwa, sai ta ce ai na tari ne. Hanta ce ke juya wani kaso nasa ya koma morfin, wasu kuma jikinsu na juyawa da sauri fiye da kima, ya bi nono. Da akwai kalma ɗaya da zan faɗa ta gane gidan su ɗaya da allurar da ake yi wa mai ciwon daji, da na huta dogon bayani.

Malama Hadiza: Ƙirƙirar kalma ba wuya, sa mutane su faɗe ta ne aiki. Ƙanjamau ta zauna, na'ura mai ƙwaƙwalwa kuma kwamfuta ta kusa cinye ta. In gidajen rediyo suka ɗauka, ta rayu. Anti, ki gwada dangin afyun, ko dangin morfin, a wurin awo na wata guda ki gaya mana wadda mata suka riƙe.

Anti Ladi Ungozoma: Dangin morfin zan fara da ita. Sun san allurar.

Bashir Famasi: Na yi alkawarin dawowa kan irin. Zainab, abu biyu. Na ɗaya, in za a yi miki gwajin fitsari na ƙwaya, don aiki ko wani abu, ki kauce wa burodi da cincin masu aguona na 'yan kwanaki, don ɗan abin da ke jikin irin yana iya fitowa a gwaji. Na biyu ya fi muhimmanci. Kada ki kuskura ki sa shi a jaka a matsayin tsaraba. Saudiyya da Daular Larabawa sun haramta shigo da irin khashkhash, ko na girki ne, kuma ba sa sauraron labarin Kirsimeti.

Zainab (Kaunas): Innalillahi. Tsohuwa ta riga ta ƙulla mini leda guda na kūčiukai, 'yan cincin ɗin nan masu aguona, in kai wa Umma, kuma ta Dubai tikitina ya bi a watan Yuli.

Nura Ɗan Fagge: Cinye su a nan, Zainabas.

Zainab (Kaunas): Mace a ce ake liƙa mata ko ė, ba as ba. Malama, ita tsohuwar ta dawo tana tambaya, wai in haka ne mu me muke ce wa aguona a harshenmu. Na ce mata ba ma shuka ta. Ta ce to me muke sa wa a cincin?

Anti Ladi Ungozoma: Ce mata riɗi.